Wa ke riƙe da sunayen manoma? Manhajar abokan ciniki a shagunan taki na arewacin Kano

Duk wanda ya san harkar taki da iri da maganin feshi a Bichi ko Ɗambatta ko Minjibir ya san cewa buhunan da ke jibge a sito ba su ne ainihin jarin dila ba. Taki kowa na iya saro shi, in dai da kuɗi da mota. Abin da ba a sarowa a kasuwa shi ne sanin mutane: wane ne zai ɗauki buhu uku a watan Yuni ya kawo kuɗi cif da zarar ya sussuke geronsa, wane ne sai an haɗa shi da mai unguwa, wane ne ya bar gyaɗa bana ya koma riɗi, wane ne ɗansa ya fara turo kuɗi daga Legas har ya ƙara gona. Wannan sani a wuri uku yake zaune: a kan maigida, a littafin bashi, sai kuma a wayar yaron shago. Maigida yana tsufa, littafi gara na ci ko ruwa ya jiƙa shi, yaro kuwa ran da ya samu ɗan jari zai buɗe nasa shagon a tsallaken titi, da lambobin duka a aljihunsa.

Ta wannan ƙofa masu tallar manhaja ke shigowa. Abin da suke sayarwa, wanda 'yan kasuwar zamani ke kira CRM, manhaja ce da ke tattara duk abin da ya shafi abokin ciniki wuri guda: sunansa, lambarsa, abin da ya saya, abin da ake binsa, ƙorafin da ya taɓa kawowa, da ranar da ya kamata a sake nemansa. Ana cewa tana girgije domin bayanan ba sa zama cikin waya ko kwamfutar shago. Suna can a manyan kwamfutocin kamfanin da ya yi ta, ana isa gare su ta intanet, ana biyan haya duk wata gwargwadon yawan ma'aikatan da ke shiga. Kamfanin Salesforce, wanda Marc Benioff da abokansa suka kafa a Amurka a 1999, shi ya yi suna da wannan salo na haya maimakon sayen faifai. Zoho na Indiya da HubSpot da wasu da dama suka bi sahu, har da masu ba da wani kaso kyauta. Samun manhajar yanzu ba wuya. Abin tambaya shi ne me ya sa mutum zai saka ta, a yi ɗokinta wata biyu, sannan a koma wa biro da littafi alhali ana ta cire masa kuɗin haya. Kuma wanda ya ci moriyarta, me yake yi daban.

Aikin da manhajar ke yi ba baƙo ba ne a kasuwancin Bahaushe. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu ke gudana a can. Falke ya kawo shanu daga Arewa, mahauta Yarabawa su ɗauka bashi, ba banki ba kotu. Abin da ya riƙe cinikin shi ne maigida mai saukar da fatake, da dillalansa, da malamin da ke masa rubutu, waɗanda aikinsu kullum shi ne sanin wane mahauci ke biya, nawa ake binsa a wasu gidajen, nawa kuma zai iya ɗauka. In mahauci ya saɓa, maigida ne ke tsayawa wa mai shanu. Alhassan Ɗantata ma, wanda ya rasu a 1955, a kan wakilai ya gina cinikin gyaɗarsa, yana ba su kuɗi su shiga ƙauyuka saye. Kuma kowane almajiri ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Saboda haka ba wani ɗan talla da zai koya wa ɗan kasuwar Kano darajar rubutu da sanin mutum. Yawan mutanen ne ya fi ƙarfin kai ɗaya.

Yawan kuwa a wannan yanki ba na wasa ba ne. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka rubuta a kan ƙasar da ke kewaye da Kano, inda gida ke kallon gida, gona ta jingina da gona, ba a barin ko ɗaya ta zama saura, ana noma fili guda shekara da shekaru da ƙarfin takin gida da jakuna ke ɗaukowa. Rabon gado ya ƙara yayyanka gonakin tun daga lokacin. Ga dila, wannan na nufin ba shi da manyan kwastomomi goma da zai haddace. Ɗaruruwa gare shi ko dubbai, wannan buhu ɗaya, wancan rabin buhu, wani ma tiya-tiya, amma kowannensu zai dawo baɗi, ya sake dawowa. Abin da ake samu a ciniki ɗaya ɗan kaɗan ne. Dawowar ce ke ciyar da shago.

Matsala ta farko, an tsara waɗannan manhajoji ne domin wani irin ciniki daban. Mai tsara su yana hango ma'aikaci a ofis yana zawarcin sabon kamfani, yana aika masa imel, yana bin sa mataki-mataki har a sa hannu a kwangila. Shi ya sa in ka buɗe za ka tarar da gurbin imel, da na muƙami, da na sunan kamfani. Manomin Kunci ko Tsanyawa ba shi da ko ɗaya, kuma ba zawarcinsa ake ba, tun kakansa ake ciniki da gidansu. Wanda ya bar manhajar yadda ta zo ya ce wa yara su cike, aikin banza ya sa su. A share guraben, a sa na gida, da Hausa: ƙauye da unguwa, kasuwar da yake ci, abin da yake shukawa, ko yana noman rani, da wanda ya tsaya masa. Kusan duk manhajojin nan sun yarda a yi haka. Mutane ne ba sa zama su yi.

Sai kuma a tambayi wane ne ma abokin cinikin. A gidan da ake gandu, uba ke yanke shawara, babban ɗa ke zuwa shago, ƙaramin ne mai babbar waya, kuɗin kuwa wataƙila daga ɗakin uwargida ya fito, ita da ke sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba ta taɓa taka ƙofar shagon ba. Babban ɗan nan kuma yana da gayaunarsa, wadda bashinta daban ne da na gandu. In aka rubuta su mutum huɗu marasa alaƙa, za a ba gida ɗaya bashi sau huɗu. In aka curɗe su wuri guda, za a bi dattijo bashin da bai san da shi ba, a ɓata zumuncin shekara talatin. Mafita ita ce a ɗauki gurbin da manhaja ta ware wa kamfani a mai da shi gida, mutanen gidan su jeru a ƙarƙashinsa, kowa da nasa lissafin. Ga kuma sunaye: a ƙauye ɗaya za ka samu mutum biyar sunansu ɗaya, sunan uba ɗaya, kowa da laƙabinsa aka san shi. Gurbin laƙabi ya fi na sunan yanka amfani. Lambar waya ma ita kaɗai ba abin dogaro ba ce. A Afrilun 2022 an toshe wa layuka sama da miliyan 70 damar kira saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba, kuma layin da ya daɗe a ajiye kamfani na sake sayar da shi. Sai ka tura tunin bashin wani ga wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Najeriya ta taɓa gwada irin wannan rajista da faɗi. A 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan gona, gwamnatin tarayya ta fito da shirin GES. Aka yi wa miliyoyin manoma rajista, kamfanin Cellulant ya riƙe tsarin, manomi ya samu saƙon tes ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tunanin mai kyau ne, ya kuma rage wa masu karkatar da taki hanya. Amma an ga mutane a layi cikin rana ana jiran sabis, an ga wanda sunansa ya fito lambar ba tasa ba, an ga wanda ba shi da waya sam, har sai da aka gwada kati mai aiki ba sabis a Sakkwato da Abuja. Da shirin ya tsaya kuma, dila ya tashi ba shi da rajistar: shi ya sha rana, sunayen suna hannun wasu, ga bashin biliyoyin naira da diloli suka yi shekaru suna bin gwamnati. Haka take faruwa yau a ƙanana, duk lokacin da kamfanin iri ko wani shiri ya ba dila manhajarsa ya ce ya shigar masa da manoma. Ba laifi a yi, amma dila ya riƙe nasa kwafin.

Inda ribar take, a ganina, lokaci ne. Cinikin kayan gona a arewacin Kano na 'yan makonni ne. Ruwa ya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, a shuka gero da dawa, a nemi maganin ciyawa, a zuba kamfa, bayan makonni a bi da yuriya, wake ya fara fure a nemi feshi, kaka ta yi a nemi buhun ajiya. Wanda kayansa ya iso bayan gaɓar ta wuce, kuɗinsa ya kwanta sai baɗi, maganin ma wataƙila wa'adinsa ya cika kafin nan. Littafin bashi shafi-shafi yake ba ka labarin abin da ya wuce. Ba zai iya zaƙulo maka a watan Afrilu duk waɗanda suka sayi yuriya bara a ƙauyuka shida ba, ya jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Manhaja tana yin wannan kafin shayi ya huce. Da wannan jeri a hannu, yara biyu su yi mako suna kira: Baba, bana nawa za a ajiye maka? Kafin ruwan farko dila ya san buhu nawa zai saro na Indorama ko na Dangote, ya san wa zai ba da kafin alƙalami, bai jira ranar da kowa ya ruga kasuwa farashi ya tashi ba. Damina ta wuce kuma sai a juya ga wani jerin daban, na masu noman rani a bakin madatsar Watari ta Bagwai da ta Thomas a ɓangaren Ɗambatta, masu tumatir da albasa da alkama, waɗanda buƙatarsu ke tashi daidai lokacin da sauran suka rufe.

Ƙorafi ma dukiya ce in an rubuta shi. Manomi ɗaya ya zo ya ce irin bai fito ba, sai a ce shukar ce ta yi zurfi. Amma in mutum biyar daga ƙauye biyu suka faɗa cikin mako ɗaya, kuma an rubuta lambar rukunin da ke jikin ledar, dila ya san ya dakatar da sayarwa, kuma yana da hujjar da zai tunkari kamfani da ita. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir ɗin Kano, sun san darajar jin labari mako ɗaya kafin kowa. Haka in sabon abu ya fito. Da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar fure a 2019, mutanen da ya fi dacewa a fara kai wa labari su ne waɗanda suka fi kowa sayen feshin wake. Gaskiya ne hakan zai rage wa dila cinikin feshi, kuma na san ba kowa zai so jin wannan ba. Sai dai manomin da ka rage wa asara, wurinka zai zo sayen taki.

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, kuma a nan ne aka fi ɗora wa manhaja abin da ba za ta iya ba. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 yana da sunaye, yana da lambobin BVN, Babban Banki ya zuba fiye da naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 asusun IMF ya ce kashi 24 cikin ɗari aka biya, Babban Banki ya ce a'a, ya haura kashi 50. Ko wanne ka ɗauka, jerin sunaye bai karɓo kuɗin ba. Kamfanin Babban Gona, wanda Kola Masha ya fara a jihar Kaduna a 2012, yana aiki da manhajoji sosai, amma ya ɗora su ne a kan ƙananan rukunoni na manoma da suka san juna, da shugaba daga cikinsu. Abin da manhaja ke ƙarawa shi ne tarihi: shekara nawa mutumin nan ya ɗauka, yaushe ya biya, in ya makara mene ne dalili. Wannan gurbi na dalili ba ƙarami ba ne. Wanda ambaliya ta ci gonarsa da mai taurin bashi, a lissafi ja ɗaya suke fitowa, kuma sabon yaro ba zai bambance su ba in ba an rubuta ba.

Akwai kuma wani gefe da masu talla ba sa taɓowa. Manhajar da ke tuna wa dila ranar biya tana iya zama makamin ba-da-kaka, wato a ba manomi taki da damina a karɓi hatsi da kaka a farashin da mai kuɗi ya ga dama. Wanda ya sa duk tuninsa ya faɗo a makon girbi, lokacin da motocin kasuwar Dawanau ke ɗiban hatsi a araha, ya tilasta wa mutanensa sayarwa a mafi munin lokaci. Zai karɓi kuɗinsa bana. Baɗi kuma zai ga sunayen na nan, masu sunayen sun koma wani shagon. Raba biyan kashi biyu ko uku, na ƙarshe bayan farashi ya ɗaga, aiki ne da ke wahalar da littafi amma ba ya wahalar da manhaja.

Duk wannan ya rataya a kan mutum ɗaya: wanda zai shigar da bayanin. Yaron shago ko wakilin ƙauye yana da dalilinsa na jan ƙafa, kuma ba lalaci ba ne kawai. Yana ganin abin a matsayin idon maigida a kansa, ya kuma san lambobin nan su ne jarinsa ran da aka sallame shi. Wanda ya yi kamar bai san da haka ba zai tarar da manhajarsa cike da rabin sunaye da lambobin bogi. Abin da ke aiki shi ne yaro ya ga nasa a ciki: ladansa daga cinikin da ya shigar ake lissafa shi, wanda bai shiga ba babu lada. A rage abin cikewa ya zama uku ko huɗu, waɗanda za a iya yi ranar kasuwa mutane na tsaye. Layin kiran kwastomomi da WhatsApp ɗinsa su zama na shago. Kowane wakili ya ga ƙauyukansa kawai. Sannan maigida da kansa ya riƙa buɗewa. In har yanzu da baki yake tambayar wa ya biya wa bai biya ba, yara sun gane cewa rubutun na ado ne. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma taransifa ta shiga ƙauye, ta zo da nata rikicin: alat ya shigo da sunan mai POS na bakin kasuwa, ba sunan manomi ba. In ba a liƙa shi ga mai shi a take ba, da kaka sai rantsuwa.

Sabis da kuɗi su ne masu yanke hukunci kan wadda za a zaɓa. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet ba ta da amfani a ƙauyen da sai an hau tudu ake amsa waya. A nemi wadda ke karɓar rubutu ba sabis, ta aika in an iso gari. Akwai irinsu, kamar TaroWorks da aka gina a kan Salesforce domin ma'aikatan karkara, ko KoboToolbox mai tattara bayanai. Maƙwabtanmu na Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina sun ga yadda aka kashe sabis gaba ɗaya a Satumban 2021, makonni ana zaune. Shi kuwa farashi, yawancin na waje da dala ne. Ƙaramin ƙunshin Salesforce dala 25 ne kan kowane ma'aikaci a wata. Kafin Yunin 2023, da dala na wajen naira 460 a hukumance, wannan bai kai 12,000 ba. Da ta haura 1,500 a 2024 ya koma 37,500, kusan kuɗin buhun yuriya, kowane wata, har watannin da shago ke kwana ba ciniki. Zoho na karɓar naira, yana kuma barin mutum uku su yi aiki kyauta. Ni dai ba na ganin mai shago ɗaya da yaro ɗaya yana buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, da jadawali mai tsabta a Google Sheets sun ishe shi. Mai buƙata shi ne wanda ya kai shago biyu ko uku, ko yake da wakilai a ƙauyuka, har ya fara jin labarin kwastomansa daga bakin wasu.

Batun aika saƙo gajere ne. Tes na talla ba ya isa ga wanda ya rufe layinsa da lambar 2442 ta hukumar NCC, saƙon tari na WhatsApp kuma sai wanda ya ajiye lambarka ke gani, mai yawan turawa ma a rufe shi. Da yawan manoma sun fi jin murya a kan rubutu. Saƙon murya na rabin minti da Hausa, ga mutum arba'in da abin ya shafa, ya fi tes dubu.

Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma jerin sunaye da lambobi da basussuka ya shiga ƙarƙashinta. Ko ba doka ma, asirin bashin mutum amana ne; ba a miƙa shi ga ɗan takara lokacin zaɓe, ba a sayar wa masu ba da rance ta waya. Kafin a biya ko sisi, a gwada fitar da bayanan duka zuwa fayil ɗin da Excel ke buɗewa, a kuma mai da shi al'ada duk wata, domin kamfanonin manhaja na rufewa, wasu kuma na kulle ƙofa ran da haya ta yanke. Sai kalmar sirri. Bashin da dila ke bin mutane yana cikin dukiyar da za a raba in ya rasu, haka wanda ake binsa dole a biya kafin rabo. Littafi magada na samunsa a durowa. Manhajar da aka buɗe da imel ɗin wani tsohon yaro, lambar tabbatarwa na zuwa layin da ya mutu, ba alƙalin da zai iya buɗe ta. A buɗe da sunan shago, mutum biyu amintattu su san mashiga, a kuma buga jerin basussukan a takarda bayan kowace kaka a sa hannu a ajiye.